Hawan Tsohon Gari da Kawu Bitrus

Tun ranar da na yi kuskuren saka hoton nan a zaurenmu na waya ban huta ba. Ina tsaye a kan dutse, iska tana kaɗa gyalena, gonaki a shimfiɗe a bayana har iyakar gani. Wannan ta ce Hauwa an tafi yawon buɗe ido ba gayyata, waccan ta ce a haɗa tafiya bayan Salla mu je mu duka da kulolin abinci. Masu kawo ɗinki shagona a Yelwa ma, kafin su kwance leda sai sun tambaya yaya wurin yake. To ga labarin nan sau ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni. Abin da zan fara gaya muku shi ne, ni na zaɓi inda na juya kafin in ɗauki hoton. Abin da ke gabana bai fito ba.

Yawancinku kun san Dada, mahaifiyata, amma ba ku san cewa a kan dutse aka haife ta ba. 'Yar Gude ce, daga wani wuri kusa da iyakar Kamaru da mutanenta ke kira Tsohon Gari. Da ta auri babana, Bafulatani, ta musulunta, danginta suka juya mata baya, ita ma ta juya musu nata. Ba ta koya mana yarenta ko kalma ɗaya ba. Mun tashi da Fulatanci a gida, Hausa a waje. Sai yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ita wuri ɗaya ta fara maganar can. Ta ce tana son ta ga kangon gidansu da kabarin uwarta, wadda aka binne ba ta nan. Yayyena maza suka ce ai ba hanya, kowa ya koma harkarsa. Wata rana ina shafa mata magani ta riƙe hannuna.

"Ki je ki duba mini hanyar," ta ce. "In za ta biyu, a kai ni kafin ruwa ya sauka. Ko a goye ne."

Wanda zai raka ni Kawu Bitrus ne, ƙanenta, shi kaɗai ne a danginsu bai taɓa daina zuwa gidanmu ba. Ya yi aikin gadi har ya tsufa, yanzu dattijo ne a cocinsu. Shi ma rabonsa da hawa dutsen tun gwiwarsa tana da ƙarfi. Hausar Kawu ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a bakinsa, don haka kada ku yi mamaki in kun ji yana ce mini "ka".

Da safe na biya na ɗauke shi a keke zuwa tasha. Ya fito da kwat ɗinsa na zuwa coci, ga zafin bazara, da sanda, da wata leda mai sabulu da gishiri na tsaraba. Ya dubi takalmina mai ɗan tudu ya ce, "Da wannan za ka hau dutse?" Na ce ai mai ƙarfi ne.

Motar da muka shiga irin wadda ake cusa mutum huɗu a gaba ce. Aka ɗora mini buhun taki a kan ƙafa, mai shi kuma ya yi ta ba ni haƙuri da Fulatanci har muka rabu. Shingaye kuwa kun san su. A kowanne sai an leƙo, a dubi kwat ɗin Kawu, a dubi hijabina, a tambaya me ya haɗa mu. A na ƙarshe wani ɗan sintiri ya ce, "Hajiya, wannan baban mai aikinki ne?" Na ce kawuna ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyata. Ya yi dariya kamar na ba shi labarin ban dariya, ya ɗaga sandar.

Inda kwalta ta ƙare muka hau babur, ni da Kawu a bayan mutum ɗaya. Mun tsallaka wani mayo, wato rafi, da ya bushe, mata sun tona yashi suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Muna hawowa gaɓa sai ga tifa ta taho cike da tsakuwa, ba ta ko rage gudu ba. Mai babur ya kauce, muka zube cikin ƙaya mu uku. Kawu ya tashi, bai duba gwiwarsa ba, sai da ya tabbatar ledar gishirinsa ba ta fashe ba.

Da la'asar muka isa Zumva, ƙauyen da mutanen Tsohon Gari suka kafa a gindin dutse bayan sun sauko. Gidan Iliya muka sauka, ɗan yayan su Dada, shi ne babba a dangin yanzu. Gidan ya ba ni mamaki. Bulo ne da sabon kwano, da sola a kan rufi, a tsakiyar gidajen laka. Iliya ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce mini "sannu da zuwa, Adda", amma idonsa bai yi maraba da mu ba.

Matarsa Rifkatu ba ta rage komai ba. Ta aika aka kira wani maƙwabci Musulmi ya yanka kaza. Ta yi tuwon jar dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa, wadda ban taɓa cin irinta a nan Mubi ba. Sai ta kawo mini nawa a sabon kwano, takardar kanti ma ba a ɓare ba, ta ce, "Ba wanda ya taɓa ci a ciki, kada ki damu." Ta shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai a gefe. Su kuma matan gidan suka zagaye akushi ɗaya suna ci suna hira da yarensu. Na san don ta kyauta mini ta yi. A gidanmu baƙuwa ta jini hannu take sakawa a kwanon masu gida. Haka na ci tuwona ni kaɗai.

Tsofaffin mata suka yi ta shigowa kallona. Suna kiran Dada da wani suna da ban taɓa ji ba. Ɗaya daga cikinsu ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta dama da hagu, ta faɗi wani abu, kowa ya yi dariya. Na tambayi Rifkatu. Ta ce, "Ta ce idon namu ne, hancin na masu doki ne." A lokacin ban gane ba. Da na tashi yin salla kuma na tambayi gabas, gardama ta kaure a tsakar gida, kowa yana nuna nasa wajen, har sai da aka sake kiran mai yankan kaza.

Bayan an ci abinci Iliya ya zauna kusa da ni. Ya fara da tambayar jikin Dada, ya zagaya, ya ce, "Adda, ban sani ba ko an gaya miki, a nan mace ba ta gadon ƙasa."

Na ce masa ban zo neman ko taki ɗaya ba, hanya aka aiko ni dubawa.

"Hanyar ta mutu," ya ce. "Kuma masu satar mutane suna kwana a saman nan. Ba zan bar Baba ya hau ba, ba zan bar ki ba. Ku huta gobe, in sa a mayar da ku."

Kawu yana zaune yana sakace.

Ɗakin da aka ba ni na ajiyar wake ne, kuma kaza mai kwanci ta riga ni kama wuri a ciki. Da asuba, ina idar da salla, na ji sandar Kawu a bakin ƙofa.

"Ka ɗauki ruwa," ya ce. "Za mu bi ta baya. Yaron nan ƙarya yake yi, tun yana ƙarami in zai yi ƙarya sai ya kama kunnensa."

Ta baya tana nufin mu zagaya dutsen ta ƙasar Kamaru, mu hau daga can. A ƙafa. Nan ne tafiyar ta yi daɗi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. Gonakin da ke jikin tudun hawa-hawa ne kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu ba siminti ba laka. Kawu ya ce ba wanda ya san wanda ya fara su, kowa dai ya tarar, ya gyara, ya bar wa ɗansa. Ya nuna mini ramuka masu santsi a kan fa, inda mata suka yi niƙa har dutse ya lotsa. Ya nuna mini bakin wani kogo da ciyawa ta rufe.

"Nan ake ɓoye yara da awaki," ya ce. "In an hango ƙurar dawaki daga ƙasa, sai a busa ƙaho. Wanda bai kai nan ba, an tafi da shi ke nan. Kakarmu ta ce ƙanwarta ruwa ta je ɗiba, ba a sake ganinta ba."

"Su wa ke tafiya da su?"

Ya dube ni ta gefen ido. "Dangin babanka. Ka ɗauka don son iska muka hau dutse?"

Bai faɗa da zafi ba, kamar mai faɗin farashin dawa ya faɗa. Sai a nan na gane maganar tsohuwar nan ta jiya. A makaranta ba wanda ya gaya mini cewa kakannina na ɗaki ɗaya sun yi farautar na ɗaya ɗakin.

Kafin mu kai iyaka takalmina ya tsinke. Kawu bai ce ai na gaya maka ba, ya dai tsaya yana kallon sama har na gama ɗaure shi da bakin ɗankwali. Can gaba ya nuna wani dutse da Turawa suka kafa a tsakiyar gonar kakansa, rabin gonar ya zama ƙasa ɗaya, rabi wata. Ya ce Jamusawa sun zo sun tafi, Ingilishi da Faransa suka raba, ba wanda ya hau ya tambayi masu gonar.

Iyakar kanta sanda ce a gicciye kan ganga biyu, da jandarma, ɗan sandan can, a ƙarƙashin rumfa. Ya yi mana Faransanci, muka tsaya kamar gumaka. Kawu ya gwada Gude, mutumin ba ɗan yankin ba ne. Ya gwada Hausa, ya girgiza kai. Sai na ce masa "jam na" na ci gaba da Fulatanci, nan take fuskarsa ta saki. Ya tambayi garinmu, ya tambayi sana'ata, har ya ce yana da yadi da yake son a ɗinka wa matarsa. Kawu ba shi da wata takarda, don haka jandarman ya riƙe katina na ɗan ƙasa, ya ce in karɓa in mun dawo. Muna wucewa Kawu ya ce, "Ka gani. Sai da yaren masu doki za a bar ni in je gidan ubana."

A ƙauyen da ke bayan shingen ranar kasuwa ce. Na sayi takalmin roba na maza, muka ci wake da dogon burodinsu mai tauri wanda ya kusa cire wa Kawu sauran haƙoransa. Mutanen can Gude ne irin na nan, sunaye iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, sai dai "madam" suke ce mini. A ƙarshen ƙauyen akwai gidajen maƙera, a ware. Wata mata ta fito ta miƙo mana ruwa a ƙwarya. Na sha. Kawu ya ce ya gode, ba ya jin ƙishi, alhali leɓensa ya bushe. Da muka yi nisa na tambaye shi.

"Maƙera ne," ya ce. "Su ke ɗaukar gawa tun da. Ba a cin abinci da su, ba a aure da su."

"Kawu, kai da kake wa'azi a coci?"

"Na sani," ya ce. "Maƙogwaron ne bai sani ba."

Daga nan hawa ne zalla. Rana ta take, Kawu ya cire kwat ya rataya a sanda. Yana hawa yana lissafa mini abin da za mu tarar. Da farko babbar tsamiya inda dattawa ke zama. A hannun dama kangon gidansu, da dutsen da uwarsu ke zama tana tsifar kan Dada. A bayan gidan kuma kaburbura, kowanne tulin duwatsu ne a zagaye, na uwarsu shi ne mai farin dutse a sama, shi da kansa ya ɗora.

Tun kafin mu kai na fara jin ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga wurare da yawa. Na ce ko masu satar mutanen ne. Kawu ya tsaya ya saurara, ya ce wannan guduma ce.

Muka ɓullo ta bayan wani fa, sai ga Tsohon Gari a gabanmu. Fili ne fari fat, an ƙwaƙule shi kamar an yashe rijiya. Tulin tsakuwa ko'ina, da baƙin tabon tayoyin da aka ƙona don dutse ya tsage. Mata sun fi ashirin a zaune a rana, kowace da guduma, suna fasa dutse. Daga tsakiyar filin kuma hanya ce mai faɗi ta gangara ta ɓangaren Najeriya, ta bi bayan tudun da ya kare Zumva, ta haɗe da hanyar da muka faɗi jiya.

Kawu ya fara tafiya. Ya je nan ya tsaya, ya koma can, ya juya yana neman tsamiyar da zai auna da ita. Babu ko kututture. Na bi shi a baya ina riƙe da kwat ɗinsa. Ya ƙarasa wurin wata mata mai goyo ya yi mata Gude, ta amsa da Hausa ta ce ita ba 'yar nan ba ce, daga wajen Michika take, tun lokacin gudun hijira ba ta koma ba, mijinta bai fito ba.

"Akwai duwatsu a jere a nan, zagaye-zagaye," in ji Kawu. "Ka gan su?"

"Da su aka fara, Baba," ta ce. "Sun fi sauƙi, ba sai an sa wuta ba."

"Abin da ke ƙarƙashi fa?"

Ta sauke gudumar. Ta dube shi, ta dube ni, ta gane. "An ga tukwane. An ga wasu abubuwa. Masu mota suka ce a tura rami. Ka yi haƙuri, Baba. Mu ma abinci muke nema."

Kawu ya cire hularsa. Ya zaɓi wani wuri tsakanin tuli biyu ya tsaya, ya yi magana a hankali da yarensu. Bayan ɗan lokaci ya matsa gaba kaɗan ya sake tsayawa, kamar ya ga bai dace da wurin ba. Ni kuwa ina tsaye ban san abin da zan karanta ba. Ban san sunan kakar tawa ba, ban san yarenta ba, ban san inda take ba. A nan ne na juya baya na ɗauki hoton da kuke yabawa, don in sami abin nuna wa Dada.

Muna nan tifa ta hawo, Iliya yana zaune a gaba. Ashe da ya ga ba ma nan ya san inda muka nufa. Ya sauko, ya zo ya durƙusa a gaban Kawu a kan tsakuwa.

"Ka sayar da uwata," in ji Kawu. Da Hausa ya faɗa, ina jin don ni ma in ji.

Iliya bai ɗaga kai ba, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. "Baba, da muka dawo daga gudu, toka muka tarar. Ba rumbu, ba akuya, ba rufi. Wa ya zo daga Mubi ya ce ga kwano ɗaya? Kun sauka kun tafi birni, kun bar mu da duwatsu. Yara na makaranta da su, matar yayana na ci da su. Shekara nawa ba wanda ya hau nan ya cire ko ciyawa a kan kabarin? Sai yau."

"Da ka kwashe su gefe ɗaya. Da ka kira ni."

"Da na kira ka, da ka hana."

Kawu ya kau da kai. Ni ma da na zo da bakina cike, sai na rasa ta inda zan fara, domin mu ma ba mu zo ba. Lokacin gudun kowa ta kansa ya yi, da aka dawo kuma ba wanda ya tuna akwai Zumva.

Iliya ya ce mu shiga tifar ta kai mu. Kawu ya ce ko gawarsa ba za ta shiga ba. Ya kama sandarsa ya fara gangara, ni ina biye. Ba mu yi nisa ba gwiwar da ya bugu jiya ta ƙi. Ya zauna a bakin hanya, ya gwada tashi, ya koma. Muna nan zaune har tifar ta gama lodi ta sauko ta tsaya a gabanmu. Direban da Iliya suka ɗaga shi suka sa a gaba. Iliya ya sauka a mararrabar Zumva. Mu kuwa a cikinta muka zo har Mubi, da lodin a bayanmu, duk ramin da ta faɗa sai mu ji tsakuwar ta motsa. Direban mutumin kirki ne, mai surutu. Ya yi ta gaya mana cewa tsakuwar dutsen nan ta fi ta ko'ina kama siminti, masu gini har layi suke yi. Katina yana can wurin jandarma har yau.

Na so Kawu ya wuce gida ya huta, ya ce a'a, a kai shi wurin yayarsa. Muka same ta a zaune a bakin gado, an yi mata wanka, ta sa a ɗaura mata sabon ɗankwali.

"Yaya hanya?" ta ce, ko gaisuwa ba mu gama ba.

Na ce, "Hanya tana da kyau, Dada. Har mota tana hawa."

Fuskarta ta yi haske. Na ciro waya zan nuna mata hoton, sai Kawu ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya ja kujera kusa da ita, ya fara magana da Gude. Ya daɗe yana yi. Ta yi masa tambaya ɗaya, ya amsa a taƙaice. Ta sake yin wata, ya girgiza kai. Ban taɓa jin Dada ta yi yaren da tsawo haka ba, kuma ina zaune a ɗakin da aka haife ni ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi, ta ajiye a gefen filo.

"Hauwa," ta ce, "ki kawo wa kawunki abinci. Ki zuba mana a kwano ɗaya."

Ba ta sake tayar da maganar tafiya ba, ba ta kuma nemi ganin hoton ba. Ruwa ya sauka makon da ya wuce. Masu son zuwa bayan Salla, hanya a buɗe take, sai dai ku nemi wani ya raka ku.